Sanin Doka: In Kamfani Ya Ɓata Rijiya, Wa Za A Tambaya?

A kudancin Nijeriya, kusa da bakin teku, akwai wata ƙabila, sunanta Ogoni. Manoma ne da masunta, tun kaka da kakanni suke zaune a ƙasarsu. A shekarar 1958 kamfanin Shell ya samu man fetur a can. Bututu ya riƙa fashewa, mai yana malala cikin gonaki da rafuka. Kifi ya mutu, rogo da doya suka daina yi. Da mutane suka koka, sai aka turo musu soja. A 1995 gwamnatin soja ta rataye jagoransu, Ken Saro-Wiwa, shi da mutum 8.

Magana ba ta mutu ba. An kai ƙara gaban Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka, mai mazauni a Banjul. A 2001 hukumar ta ce gwamnatin Nijeriya ta yi laifi. Me ya sa gwamnati, alhali kamfani ne ya zubar da man? Domin ita ce ta ba shi izini, kuma ita ce ke da ikon hana shi. Mai garke shi ake tambaya in dabba ta shiga gona. Hukumar ta ce a gyara ƙasa da ruwa, a biya diyya, kuma nan gaba a shawarci mutanen wuri kafin a fara aiki.

Gyara kuwa ba na kwana ɗaya ba ne. A 2011 masanan Majalisar Ɗinkin Duniya sun auna rijiyoyin Ogoni, suka ce aikin zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Yaron goye sai ya yi aure.

Dokar da aka yi hukuncin da ita yarjejeniya ce ta ƙasashen Afirka, ta 1981. Nijar ma ta amince da ita. Ke nan ta shafi Abzinawa makiyaya na Arlit, inda ake haƙar uraniyom tun 1971, da na Akuta, inda aka rufe ramin a 2021 aka bar tulin ƙasa mai guba. Ta shafi Tubawan Agadem, wurin man fetur.

Saboda haka, makiyayin da ya ga ruwan mashaya ya sāke kama, ko raƙuma suna mutuwa bayan sun sha, kada ya tsaya ga roƙon kamfani. Ya sanar da mai gari ko ardo, su je tare wurin hukuma, a rubuta ranar, a ɗebi ruwan a kwalba a kai awo.