Gurbin Kalma a Jinyar Dajin Tumbi: Tsokaci daga Jega, Aliero da Maiyama

Majinyacin da aka yanke wa wani ɓangare na tumbi saboda ciwon daji yakan bar asibiti a Sakkwato ko Birnin Kebbi ya koma gida Jega, Aliero ko Maiyama, inda iyalinsa za su ci gaba da jinyarsa da Hausa. A ganina, Hausar da ake wannan jinya da ita ba ta riga ta tanadi kalmomin da aikin yake buƙata ba, kuma cike gurbin nauyi ne a wuyan masana harshe.

Matsala ta farko ita ce kalmar "ciki". Da ita ake nufin tumbi, da ita ake nufin hanji, da ita ake nufin juna biyu. Duk wani raɗaɗi a ƙasan ƙirji kuwa "olsa" ko "gyambon ciki" ake ce masa. Alhali ƙwayar Helicobacter pylori, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka gano a Ostareliya a 1982, tana haddasa gyambon, kuma tun 1994 hukumar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin masu jawo dajin tumbi. Idan suna guda ya rufe cuta biyu, mai daji yana iya shafe watanni yana shan maganin olsa.

Ta biyu ta fi wannan sarƙaƙiya. Mun saba kiran kowace bakteriya "ƙwayar cuta". To, a 2001 ƙwararrun Hukumar Abinci da Aikin Gona da na Hukumar Lafiya ta Duniya suka fayyace furobayotik a matsayin ƙananan halittu masu rai waɗanda ke amfanar jiki idan an sha adadin da ya isa. Tiyata da magungunan kashe ƙwayoyi suna hargitsa halittun da ke zaune a hanji, shi ya sa likitoci kan duba amfanin irin waɗannan halittu wajen rage zawo da kumburin ciki. Ba sa warkar da daji, kuma aikin wani iri ba ya zama aikin wani. Yaya za a gaya wa mai jinya ta ba mijinta "ƙwayoyin cuta masu amfani" ba ta ga an yi tufka da warwara ba? "Ƙwayoyin halitta" ma ba mafita ba ce, domin an riga an ɗora mata wasu ma'anonin. Ina ba da shawarar "ƙwayoyin gyaran hanji".

Akwai masu cewa a taƙaita a ce nono ko kindirmo, tunda Bafulatana ta daɗe da sanin zuba ɗan tsohon nono a madara don ta yi tsami. Misalin ya dace da koyarwa, amma a matsayin fassara yana da haɗari. Sinadarin tsami na tumbi shi ne ke kashe yawancin ƙwayoyin da ke shiga da abinci, kuma yana raguwa bayan tiyata. Nonon da ba a tafasa madararsa ba yana iya ɗauke da tarin fukan shanu ko bakkale. Fura mai sukari da yawa kan zarce hanji da sauri, ta jawo jiri da gumi da zawo. Albasar Aliero tana ɗauke da abin da ke ciyar da ƙwayoyin hanji masu amfani, sai dai tana iya kumbura cikin da bai murmure ba. Wanda aka cire wa tumbi gaba ɗaya kuwa yana buƙatar ƙarin bitamin B12 muddin ransa, galibi ta allura, kuma kindirmo ba ya maye gurbinta.

Wani zai ce wannan aikin likitoci ne. Likita ya san cutar, amma manazarcin harshe ne ya san abin da kunne ke ji idan an faɗi kalma. An taɓa yin irin wannan haɗin gwiwa: a 2017 aka wallafa ƙamus na Ingilishi da Hausa na kalmomin ƙanjamau da Ebola. Ya kamata Sashen Nazarin Harsunan Nijeriya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da likitocin asibitin koyarwarta su yi wa dajin tumbi irinsa, su kai kalmomin kasuwar Jega da ƙauyukan Maiyama a gwada su a kunnen masu jinya kafin a buga su.