Mai Son Kada Einstein Ya Zo da Ma'auni

Ran nan a tashar Filinge, muna jiran motar Yamai ta cika, ɗan ƙanwata da ke lise ya miƙo mini salula. "Kawu, saurari wannan." Wani ne a WhatsApp, murya kamar mai tallan magani, wai lissafin Einstein tatsuniya ce, don babu yadda za a yi lokaci ya yi sauri can ya yi nawa nan.

Ban ga laifin yaron ba. Laifinmu ne, mu masu sauƙaƙa kimiyya a jarida da rediyo. Mun ɗauki aikin Einstein na 1905 da na 1915 mun dunƙule su a kalma uku, wai "komai ya danganta". Mutumin bai ce haka ba. Ginshiƙin maganarsa ma abu ne da ba ya canzawa: gudun haske, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, ko zaune kake ko kana tafe. In muka kafa bukkar a karkace, kowace iska sai ta taɓa ta.

Shakka ba laifi ba ce. A 1931 an buga littafi a Jamus, wai marubuta ɗari suna ƙaryata Einstein. Amma a Tukunus, nan kusa, ba da yawan baki ake gane saniyar Azawak mai nono ba, da lita ake aunawa. Haka masanin taurari Eddington ya yi ran 29 ga Mayu 1919 a tsibirin Firinsife, cikin tekun Gini. Ya jira husufin rana, ya ɗauki hoton taurarin da ke gefenta, aka ga haskensu ya lanƙwashe kamar yadda Einstein ya lissafa. Gajimare ya ɓata yawancin hotunan, wasu suka yi ƙorafi, kuma da gaskiyarsu. Sai aka sake awon a Ostareliya a 1922, ya fito daidai.

Salular ma shaida ce. Agogon taurarin ɗan adam na GPS, can sama da kilomita 20,000, kullum yana riga namu da kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa. Ba don gyaran da lissafin Einstein ya bayar ba, kuskuren zai kai kilomita 10 a rana. Kafin sati uku, kana nan tsakiyar Kurfai taswira ta ajiye ka Yamai.

Na gaya masa haka. Ya buɗe taswirar, ya ƙura wa shuɗin ɗigon nan ido yana zaune daram a kan tashar, har yaron mota ya kira mu.