Attajiran Indiya Da Cinikin Ƙungiyoyin Wasa

Cikin shekarar 2025 an yi wani ciniki a Ingila wanda mu ke gani ya isa a tsaya a dube shi da idon basira, ko da ya ke a kan wasa aka yi shi. Hukumar da ke kula da wasan kurket a Ingila da Wales ta kai ƙungiyoyi takwas na wata gasa tata mai suna The Hundred kasuwa, ta ce mai so ya taya. Da kasuwa ta watse, sai aka ga huɗu daga cikin takwas ɗin sun sami iyayen gida daga Indiya. Kamfanin Reliance na Mukesh Ambani ya karɓi kashi 49 cikin ɗari na wadda ke wasa a filin Oval a London. Kamfanin Sanjiv Goenka ya karɓi kashi 70 na ta Manchester, kamfanin GMR ya karɓi 49 na ta Southampton, kamfanin Sun kuwa ya saye ta Leeds ɗungum, bai bar wa kowa kome ba. Har wa yau ta biyar, wadda ke wasa a filin Lord's, kashi 49 nata ya tafi hannun waɗansu manyan ma'aikatun kwamfuta na Amurka, a cikinsu akwai Sundar Pichai na Google da Satya Nadella na Microsoft, dukansu biyu haihuwar Indiya ne. Abin da Turawa suka samu a wannan ciniki ya haura fam miliyan 500.

Wanda ya san tarihi ba zai rasa yin murmushi ba. Wannan wasa Turawan Ingila ne suka kai shi Indiya, kamar yadda suka kawo shi manyan makarantun ƙasarmu. Sa'ad da Indiya ta fara kara wa da Ingila a filin Lord's cikin 1932 tana ƙarƙashin mulkinsu, ba ta sami mulkin kai ba sai 1947. A filin nan kuma ta ci kofin duniya cikin 1983, ran da kusan ba wanda ya sa mata tsammani. Ofishin hukumar kurket ta duniya ma can ya ke zaune, sai cikin 2005 ya tashi ya koma Dubai. Ga shi yanzu jikokin waɗanda aka koya wa riƙon sanda su ne ke taya ƙungiyar gidan.

To, ina suka sami wannan ƙarfi? Asalin abin wata gasa ce da aka kafa a Indiya cikin 2008, a ke ce mata IPL. Wasan kurket na ainihi kwana biyar a ke yi ana fafatawa, wani lokaci ma a tashi ba wanda ya ci. Na wannan gasa kuwa gajere ne, sa'a uku ko huɗu an gama, watau daidai da hirar dare, mutum ya dawo daga aiki ya zauna gaban talabijin ya gani har ƙarshe. Ƙasar da mutanenta suka wuce miliyan 1,400, in ta ƙwallafa rai ga abu guda, masu talla ba su da wurin zuwa sai nan. Cikin 2008 Reliance ya sayi ƙungiyar Mumbai wajen dala miliyan 112. Cikin 2021 Goenka ya biya fiye da dala miliyan 900 don sabuwar ƙungiyar Lucknow, wadda a sa'an nan ba ta da ko ɗan wasa guda. Cikin 2022 aka sayar da ikon nuna gasar na shekara biyar a kan kuɗin da ya haura dala biliyan 6. Amma gasar wata biyu kaɗai a ke yi a shekara, mai jari kuwa ba ya son rumfarsa ta zauna wata goma a rufe. Dalilin da ya sa suka fantsama waje ke nan, suka sayi ƙungiyoyi a tsibiran Karibiyan, da Daular Larabawa, da Amurka, da Afirka ta Kudu.

Mu dai ba mu ga laifin mai saye ba, ba mu kuma tare da masu gunaguni don kawai baƙo ne ya saya. Larabawa da Amurkawa sun daɗe suna sayen ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na Ingila. Ƙungiyoyin kurket na lardunan Ingila da yawa bashi ya yi musu katutu, ba kuwa wanda ya tilasta musu su sayar. 'Yan wasan ƙananan ƙasashe kuma, waɗanda da can su kan tsufa hannu banza, yanzu cikin 'yan makonni su kan sami abin da hukumar ƙasarsu ba ta iya ba su a shekara. Wanda bai taɓa ciyar da gida da ƙarfin gwiwarsa ba kada ya raina wannan.

Amma fa akwai abin dubawa, a Afirka ta Kudu kuwa ya fi fitowa fili. Can aka buɗe wata gasa mai suna SA20 cikin Janairun shekarar 2023, ƙungiyoyinta shida ne, dukansu shida kuma masu ƙungiyoyin IPL ne suka saye su, har sunayensu da launin rigunansu suka ɗauko daga Indiya. Da shekara ta kewayo, farkon 2024, sai lokacin gasar ya ci karo da tafiyar da ƙungiyar ƙasar za ta yi New Zealand don wasa biyu na kwana biyar biyar. Hukumar Afirka ta Kudu ta riƙe gwanayenta a gida su yi wa masu jari wasa, ta aika da waɗansu samari, bakwai daga cikinsu ba su taɓa yi wa ƙasar irin wannan wasa ba, har da shugabansu Neil Brand. Aka cinye su duka biyu. Tun da ƙasashen nan suka fara karawa, New Zealand ba ta taɓa cin Afirka ta Kudu a jerin wasa irin wannan ba sai ran nan. Ba mu ce masu jari ne suka ba da umurni ba, hukumar ce da kanta ta zaɓa, gama a nan abincinta ya ke. Sai dai wanda ya jinginar da gonarsa, ko ba a ce masa kome ba ya san wanda zai fara yi wa noma in damina ta faɗi.

Abu na biyu shi ya fi tsaya mana a rai. Hukumar kurket ta Indiya ba ta yarda 'yan wasanta maza da ke kan aiki su shiga irin wannan gajeriyar gasa a wata ƙasa ba, sai wanda ya yi murabus. Watau attajirin Indiya ya je Cape Town ko Leeds ya sayi ƙungiya, gwanayen duniya duka su zo Indiya su ƙawata gasarta, amma gwanin Indiya ba ya fita ya ƙawata ta kowa. Ƙofar da ke buɗewa waje guda ba ciniki tsakanin tsara ba ne. Ga kuma kashi 38 da rabi cikin ɗari na kuɗin hukumar duniya da aka yanka wa Indiya ita kaɗai daga 2024 zuwa 2027. Sa'an nan tun bayan gasar farko ta 2008, saboda rashin jituwar da ke tsakanin ƙasashen biyu, IPL ta rufe ƙofa ga masu yi wa Pakistan wasa. In hannu guda ya riƙe ƙungiyoyi a nahiya huɗu, tilas a tambaya ko rigimar gida za ta bi kuɗi ta ƙetare teku.

Kada kuma a ɗauka ko wane mai kuɗi ya san abin da ya saya. Cikin 2010 kamfanin Venky's, masu kiwon kaji na birnin Pune, suka sayi ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Blackburn Rovers, wadda ta taɓa cin gasar Ingila cikin 1995. Ba su yi wata biyu ba suka kori mai koyar da 'yan wasa, Sam Allardyce. Cikin 2012 ƙungiyar ta faɗo daga rukunin farko, har masu kallo suka saki kaza cikin fili don takaici, cikin 2017 kuma ta gangara rukuni na uku. Masu sayen kurket na yanzu, gaskiya, sun fi waɗancan sanin sana'arsu nesa. Ƙwarewar tasu ma ita ce abin tsoro ga hukumomin ƙananan ƙasashe, don tun 2022 gwani kamar Trent Boult ya nemi New Zealand ta sake shi daga yarjejeniyarta, ya sami sararin yawon gasa.

Shawararmu ga ko wace hukuma da masu jari suka ƙwanƙwasa wa ƙofa ita ce ta karɓi kuɗin, amma ta rubuta sharuɗɗa tun kafin a sa hannu: kwanakin da ƙungiyar ƙasa ke wasa ba na sayarwa ba ne, ɗan ko wace ƙasa yana da ikon a ɗauke shi in ya cancanta, wani kaso na kuɗin kuma ya tafi ga filayen makarantu inda a ke samo yaran tun farko. Hukumar Ingila ta riƙe ikon gasar kanta a hannunta, ƙungiyoyi kaɗai ta sayar, ta kuma ware kashi 10 cikin ɗari na kuɗin don wasan ƙauyuka da unguwanni. Wannan ta yi dabara. Amma ba a jima da gama ciniki ba sai aka ji ƙungiyar Oval ta koma MI London, ta Manchester ta koma Super Giants, ta Leeds kuwa Sunrisers, ko wace da sunan uwarta da ke Indiya.