Wa Ya Kashe Gayya? Martani Ga Masu Kukan Mutuwar Zumunci

Da wuya a yi taro a 'yan shekarun nan, na saukar karatu ne ko na ƙaddamar da littafi ko na yaye ɗalibai, ba a sami wani babban baƙo ya miƙe ya gyara babbar riga ya yi wa aikin gayya ta'aziyya ba. Wai zumunci ya mutu. Wai samarin yanzu ba su san komai ba sai zaman majalisa da latse-latsen waya. Wai a da mutanen unguwa kan fito kwansu da kwarkwata su yashe kwata su share maƙabarta, amma yau kowa tasa ta fisshe shi. A tafa masa, ya zauna, a miƙa masa lemo. Maganar ta yi yawo har ta shiga rubuce-rubucen ɗalibanmu, suna maimaita ta a gajerun labarai da waƙoƙi kamar karatun da aka biya musu. Ni ban yarda da ita ba, kuma ina ganin akwai zalunci a cikinta, domin sau da yawa mai riƙe da wuƙar shi ne ya fi kowa ɗaga murya a wajen makoki. Da garin Potiskum zan kafa hujjata.

Kafin mu je can, ya kamata mai karatu ya tuna mene ne gayya tun asali, domin masu yi mata kuka sun manta kamanninta. Manomin da aiki ya fi ƙarfinsa, noman fari ne ko maimai ko girbi, shi ke sanar da samarin gari ta bakin shugabansu, a sa rana, ya tanadi fura da tuwo da goro, a kira makaɗan noma su zuga ma'aikata. Ba a biyan kowa lada, amma kuma babu wanda ya yi aikin banza, saboda gayya bashi ce mai zagayawa. Wanda aka yi wa yau, gobe shi ne da fartanya a gonar wani, ko a bakin ginin wani ana ɗora jinka. Wanda ya saba noƙewa ba a kai shi gaban alƙali, ranar tasa kawai ake jira, ya dafa tuwo ya rasa masu ci. Kuma sunanta ma ya faɗi halinta: gayyata ake yi, mutum ya amsa don ya san shi ma yana da rana. Turawan mulkin mallaka sun tarar da wannan al'ada, suka kuma riƙa ɗibar mutane aikin hanya da ginin bariki da dakon kaya, har a tsakanin 1942 da 1944 aka kwashi dubban talakawa daga lardunan Arewa aka kai su haƙar kuza a Jos. Iyayenmu ba su taɓa kiran wannan gayya ba. Aikin tilas suka kira shi, domin sun san bambancin aikin da zai dawo maka da wanda aka ɗora maka. Wannan bambanci shi ne muke neman ɓatarwa a yau.

Potiskum gari ne da ya tara Ngizimawa da Karekare da Bolawa da Fulani da Barebari da Hausawa, ga kuma baƙi daga kudancin ƙasar nan da kasuwanci ya zaunar. Tun 1924 fadar Sarkin Fika ta dawo nan, kuma yau masarautu biyu ne a cikin garin, ta Fika da ta Potiskum. Hanyar Kano da ta biyo ta Azare da hanyar Jos da ta biyo ta Bauchi a nan suke haɗuwa su nufi Damaturu da Maiduguri. Kasuwar shanunsa tana cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, kuma duk wanda ya san harkar manyan motoci a Arewa ya san Potiskum. Da aka ƙirƙiro Jihar Yobe a watan Agusta na 1991 Damaturu aka ba hedikwata, amma jama'a da ciniki suka ci gaba da taruwa a nan, har ƙidayar 2006 ta sami sama da mutum 200,000 a ƙaramar hukumar. A irin wannan gari, mutumin da ke bayan katangarka a Dogo Nini ko Dogo Tebo ko Yerimaram ba lalle ne ya zama danginka ba, wataƙila ma harshen da yake yi da 'ya'yansa a cikin gida daban ne da naka. Abin da ya haɗa ku shi ne kwata ɗaya da famfo ɗaya da masallaci ɗaya da maƙabarta ɗaya. In da zumuncin unguwa ya mutu, a nan za a fara jin warinsa.

To, sai ga shi an jarraba garin jarrabawar da ba a yi wa garuruwa da yawa ba. A watan Mayu na 2012 'yan bindiga suka afka wa kasuwar shanu, suka kashe mutane da dama suka ƙona dukiya. A watan Yuli na 2013 aka kashe ɗalibai a makarantar sakandaren Mamudo. A watan Nuwamba na 2014 wani ya saje da ɗaliban makarantar kimiyya a filin taron safe ya tayar da bam, fiye da rai 40 suka salwanta, yawancinsu yara. A farkon 2015 aka sake kai hari kasuwa da tashar mota. A watan Mayu na 2013 aka sa jihar ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, har aka yi lokacin da aka katse layukan waya, mutum ba shi da hanyar kiran kowa sai ya buga ƙofar maƙwabci. A tambayi duk wanda ya zauna garin a waɗannan shekaru: su wa suka fara isa wurin kafin ƙura ta lafa? Su wa suka ɗauki masu rauni, suka miƙa hannu aka ɗebi jini, suka haƙa kaburbura har hannu ya yi kanta? Su wa suka kwana a bakin layi suna lura da baƙuwar fuska? Samarin nan ne da ake cewa sun lalace. Kuma sanin kowa ne cewa a duk faɗin Arewa maso Gabas, mafi yawan waɗanda rikicin ya raba da gidajensu a gidajen jama'a suka sauka, aka matsa musu ɗaki aka ƙara ruwa a miya, waɗanda suka shiga sansani su ne 'yan kaɗan. Al'ummar da ta yi wannan ba ta buƙatar wani ya zo daga babban birni ya koya mata zumunci.

Abin da ya faru da gayya shi ne an mayar da ita jakin da kowa ke ɗora wa kayan da ba ya son ɗauka. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma ɗaya bayan ɗaya, kuma a cikinsu akwai kwashe shara, da ginawa da kula da titunan cikin gari da magudanan ruwa, da kula da maƙabartu da kasuwanni da tashoshin mota. Don waɗannan ayyuka ake karɓar kuɗin rumfa da kuɗin tasha da kuɗin dabbar da ta shiga kara, ga kuma kason wata-wata daga asusun tarayya. Amma idan damina ta ƙarato, sai a ji sanarwa ana kira ga jama'a su fito su taimaki kansu da kansu. Samari su fito da shebur da manjagara da baron aro, su shiga kwata da ƙafa ba takalmi, su fito da baƙin taɓo da leda su jibge a gefen hanya. Motar da za ta kwashe ba ta zo ba. Ruwan farko ya sauka ya mayar da komai inda aka ciro shi, ya ƙara da shiga ɗakunan mutane, ginin ƙasa ya jiƙa ya zube. Sa'an nan a hau mumbari a ce mutanenmu ba su da tsabta. Haka zancen wuta yake: tun da aka sayar da kamfanonin rarraba wutar lantarki a 2013, hukumar da ke kula da harkar ta sha faɗa cewa sayen taransfoma ba aikin mai biyan kuɗin wuta ba ne, amma har yau a garuruwan ƙasar nan ana bi gida-gida ana karo-karo, a sayi abin, ya zama mallakar kamfani, wata ya ƙare a kawo takardar biya. Mutumin da ya biya haraji, ya biya karo-karo, ya kuma ba da ƙarfinsa ranar Asabar, sau uku ke nan ya biya aiki ɗaya. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, aka yi ta murna. Hukunci dai ba ya yashe kwata, sai an sami waɗanda za su tsaya su tambayi inda kuɗin ya shiga.

Wannan dabara ta hawa kan gayya tsohuwa ce. A 1985 gwamnatin soja ta Buhari da Idiagbon ta shigo da tsabtace muhalli cikin shirinta na yaƙi da rashin ɗa'a, aka riƙa tsare mutane a gida ranar Asabar, soja na sintiri da bulala. Tituna sun yi fes, ba na musu, amma da bulalar ta tafi sai sharar ta dawo, domin tsoro ne ya riƙe tsintsiyar. A maƙwabciyarmu Nijar, Seyni Kountché ya ɗauki tsohuwar ƙungiyar samariya ta ƙasar Hausa ya mayar da ita hannun gwamnati, ta gina ajujuwa ta shuka itatuwa, amma da ta zama ta hukuma sai ta bi mulkin da ya rungume ta, ta dusashe bayan rasuwarsa a 1987. A Kenya, Harambe da Jomo Kenyatta ya ɗaukaka tun 1963 ta gina makarantu masu yawa, daga baya ta koma dandalin da 'yan siyasa ke baje kuɗi don sayen ƙuri'a, har a 2003 aka yi doka ta taƙaita hannun ma'aikatan gwamnati a cikinta. Namu 'yan siyasar ba su ma kai nan ba. Nasu shi ne a kawo shebur goma da riguna masu hoton ɗan takara, a riƙe tsintsiya minti biyu a ɗauki hoto a sa a Facebook, a bar ƙungiyar unguwa ta rabe biyu a kan wa ya karɓi me. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai kuma mu, 'yan boko, malaman makaranta da manyan ma'aikata da 'yan kasuwar da Allah ya buɗa wa, waɗanda bakinmu ya fi na kowa zaƙi wajen yabon al'adun gargajiya. Mu ne muka fara ficewa daga bashin nan mai zagayawa. Da famfon unguwa ya ƙafe muka haƙa burtsatse a cikin gida. Da wuta ta lalace muka sayi janareto, daga baya muka ɗora sola. Da makarantar gwamnati ta taɓarɓare muka kwashe 'ya'yanmu. Muka ja katanga muka ɗora mata waya, muka bi da ruwan wankinmu ta ƙarƙashinta ya fita layi ya zama matsalar wasu. Ranar gayya mai kirkin cikinmu shi ne zai leƙo ya miƙa kuɗin ruwan leda ya koma. Ba ina cewa dole Dakta ya tuɓe riga ya shiga kwata ba, ko da yake in ya shiga ba abin da zai ragu a digirinsa. Abin da unguwa ta rasa da ficewarmu ya fi ƙarfin damtse: ta rasa mai iya rubuta takardar koke, mai iya karanta kasafin kuɗi, wanda in ya shiga ofis za a ba shi kujera. Mun bar wa ɗan acaba da ɗan dako da mai faci aikin, mun kuma riƙe wa kanmu ikon cewa ba su yi da kyau ba.

Akwai ma rabin gayyar da masu jawabi ba su taɓa ƙirgawa ba, don ba a yin ta a bakin titi. Matan da ke haɗa tukwane a gidan rasuwa kwana uku, masu adashin da ke fitar da maƙwabciya kunya ranar aurar da 'ya, tsohuwar da ake tasa da tsakar dare don naƙuda, wadda ke zuba wa almajiri tuwo kullum ba fashi: duk wannan yana nan bai fasa ba, har bayan cire tallafin mai a 2023 da ya sa kwanon masara ya gagari gidaje da yawa.

Na san abin da za a ce. Za a ce to Malam, mu naɗe hannu ke nan mu jira hukuma, ruwa ya ci gidajenmu? A'a. Wanda ɗakinsa ke bakin kwata ba shi da zaɓin yajin aiki, kuma ba ni da bakin da zan ce masa ya bari. Abin da nake cewa shi ne a mayar wa gayya sharaɗinta na asali, wato wanda aka yi wa aiki ya san an bi shi bashi. Idan unguwa ta yashe magudanar da doka ta ɗora wa ƙaramar hukuma, to hukumar ce mai gayya, kuma tuwon da za ta kawo shi ne motar kwasar shara a ranar, kafin hadari ya haɗu. Kowace ƙungiyar unguwa ta sami littafi, a rubuta wa ya ba da nawa, me aka saya, mutum nawa suka fito, a karanta a gaban mai unguwa da liman kowa na ji, domin ƙungiyoyi da yawa zargin cin kuɗi ne ya kashe su tun kafin gajiya ta kashe su. A kwafi shafin a kai wa kansila, a karɓi sa hannunsa, a koma bayan wata guda a tambaye shi. A ƙi karɓar shebur mai hoton kowa. Ɗalibanmu da ke komawa Potiskum da Nangere da Fika hutun damina, waɗanda muka koya wa rubuta wasiƙa da tsara rahoto, su ne ya kamata su riƙe wannan littafi, mu kuma malamansu mu sa sunayenmu a sahun farko na takardar, mu bi ta da ƙafarmu har sakatariya.