Harshenmu: Me ya sa muke "kashe" kuɗi?



Ko ka taɓa lura cewa a bakin Bahaushe kuɗi kashe su ake yi? Abin da ake yi wa maciji da kunama, shi ake yi wa albashi. Hatta ɗan abin da ake ba yaro in zai koma makarantar kwana, "kuɗin kashewa" ake ce masa. Tun ba su shiga aljihu ba an yanke musu hukunci.

Kalmar "kashe" tana da faɗi. Ana kashe fitila, a kashe wuta, a kashe magana, har aure ana kashewa. Duk manufa ɗaya ce: abu yana raye, an kawo ƙarshensa. Haka kuɗi suke. Muddin suna hannunka, za su iya zama buhun masara, ko magani, ko kuɗin makaranta. Da ka miƙa su, sauran buƙatun sai haƙuri.

Ita kuwa kalmar "kuɗi", asalinta jam'in "wuri" ce, wanda kakanninmu suka yi ciniki da shi. Shi ya sa muke cewa "kuɗin sun ƙare". Wuri ya wuce, fam da sule suka zo, naira ta gaje su a 1973, amma sunan yana nan.

Sai dai ba kowane fitar kuɗi ne kisa ba. Uwargida mai sana'ar ƙuli-ƙuli "juya" su take yi. 'Yar adashi "zubi" take yi, ranar kwasa su dawo mata. Wanda ya wuce gona da iri kuwa "facaka" ya yi, ko a kira shi "almubazzari", kalmar da muka aro daga Larabci.

To, tunda ana kashe ƙishirwa, ana kashe yunwa, ga ma'auni. Uwargida, kafin ki biya ankon biki na uku a wata guda. Maigida, kafin ka sake waya alhali mai gida yana bin ka haya, ku tambayi kanku: kuɗin nan da za mu kashe, wace matsala za su kashe mana? Dubu goman da ta kashe zazzaɓin yaro ba ta mutu a banza ba.

A garinku, me kuke ce wa mai sakin hannu? Muna jiran ra'ayoyinku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.