Katafila a Dajin Farauta: A Yi Lissafi Kafin a Ta da Inji

Da zarar ruwa ya ɗauke a watan Oktoba, sai a fara ganin manyan motoci ɗauke da katafila a kan hanyar Ngaundere zuwa Garwa. Wasu aikin hanya za su, wasu kuwa daji suka nufa. A kan na biyun nan za mu yi magana a wannan wata, domin akwai mutanenmu a ciki: direbobi da makanikai, da kuma 'yan kasuwar da suka sami fili a ƙauye suna son sharewa don noman masara ko kiwo.

Da farko mu san inda muke. A Jihar Arewa akwai manyan gandayen namun daji uku: Binuwai mai hekta 180,000, da Buba Njidda mai hekta 220,000, da Faro mai hekta 330,000. A kewayensu gwamnati ta yanka dazuzzukan farauta fiye da ashirin, tana ba da hayar yawancinsu ga masu kawo baƙi maharba daga Turai da Amurka lokacin rani. In an haɗa gandayen da waɗannan dazuzzuka, sun haura kashi 40 cikin ɗari na ƙasar jihar. Ke nan duk wanda aka nuna wa "daji ba mai shi" a wajen Poli ko Collire, ya kamata ya yi tambaya tun bai biya ko sisi ba.

Su masu hayar dajin farauta ba su rabuwa da inji, amma a dubi yadda suke aiki da shi. Bayan damina sukan sa gireda ta gyara hanyoyin da ruwa ya ɓata, su buɗe mashigar rafi, su share layin da zai tare gobara. Sauran dajin kuwa ba su taɓa shi, don sun san bauna da gwanki da kanki ba su zama a fili fetal. Inuwa suke so, da ciyawa, da ruwa kusa. Dabbar ita ce jarinsu, shi ya sa suke tattalin gidanta.

Mai sabuwar gona kuwa sau da yawa so yake a kwashe komai a kwana biyu, ya tsaya ya ga fili ya miƙe har iyakar ganinsa. To, a nan ɓarnar take. Albarkar gona tana cikin baƙar ƙasar nan ta sama, wadda a wurare da yawa kaurinta bai wuce taki ɗaya ba. Idan direba ya sauke bakin katafila ƙasa sosai don ya tumɓuke kututture, sai ya ture wannan ƙasa tare da itatuwa ya jibge a bakin gona. Abin da ya rage sai tsakuwa da marmara. Ga nauyin injin yana danne ƙasa, musamman in da sauran laima, har ruwa ya kasa shiga. Damina na zuwa ruwa ya bi sawun injin da gudu, yau ƙaramin lambatu, baɗi kwazazzabo. Shekarar farko masara ta yi kyau, ta uku sai da taki buhu-buhu.

Sai maganar hukuma. Tun dokar ƙasa ta 1974, filin da ba shi da takardar mallaka ta gwamnati yana hannun hukuma ne. Yardar jauro ko lamiɗo tana da muhimmanci wajen zaman lafiya da mutanen gari, amma ba ita ce takardar mallaka ba, ba ta kuma halatta sara a cikin dajin farauta. Dokar gandun daji ta 1994 ta hana, sabuwar da ta maye gurbinta a 2024 ma haka. Ranar da ma'aikatan gandun daji suka iso, direban da suka tarar a kan inji shi za su fara kamawa, mai gonar yana can birni. Mu da ake yi wa kallon baƙi ko da kakanninmu a nan aka haife su, laifin mutum ɗaya yakan shafi unguwa guda.

Saboda haka ga shawararmu. Kafin a yi cinikin fili, a je ofishin gandun daji da na sufurefe a tabbatar da iyaka, a karɓi amsa a rubuce. Direba kuma ya nemi ganin takarda kafin ya sauke inji daga mota. Wajen aiki, a jira ƙasa ta bushe. A zagaya da ƙafa tukuna a shafa fenti a jikin itatuwan da za a bari: kaɗanya, ɗorawa, tsamiya, kuka da gawo, domin matan ƙauyen da su suke miya da cefane. Kada a kusanci bakin rafi ko gangare. A ɗaga bakin injin ya ture itace kawai, ƙananan kututture a bi su da gatari. Ciniki kuma a yi shi a kan faɗin wurin da ingancin aiki, don mai lissafin awa ba ruwansa da abin da ya ture. A kuma share iyakar abin da za a iya nomawa bana. Sauri, in ji Hausawa, ya haifi nawa.

Dattawanmu na Garwa sun san lokacin da ake da karkanda a dazuzzukan nan. Masu bincike sun neme ta a 2006 ba su ga ko ɗaya ba, a 2011 aka ba da sanarwar irinta ta ƙare a duniya. Harsashi ne ya gama da ita, amma abin da ya rage na namun daji rashin mafaka ma yana iya kore shi. Kaɗanyar da katafila ke kayarwa cikin minti biyar takan shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta fara 'ya'ya. Mai niyyar kiran inji bana ya sa wannan a lissafinsa.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa.