Tafiya kurmi da iyali: arhar ɗaki ba ita kaɗai ce abin dubawa ba

Tun zamanin kakanni Bakurfaye ya san hanyar kurmi. Da an ɗaure damman hatsi an zuba a rumbu, sai samarin Cikal, da Tukunus, da Filinge su kama hanyar Yamai, daga nan su wuce Abijan, ko Akara, ko Kumashi, ko Lome, ko Kwatano. A da, namiji ne kaɗai yake tafiya, ya dawo kafin shuka. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun tsawaita zaman masu bida, kuma rashin kwanciyar hankali da ya addabi arewacin jihar Tillaberi a shekarun nan ya sa magidanta da dama suna ɗaukar mata da ƙananan yara su tafi da su. Gwauro yana iya kwana a rumfar kasuwa. Mai iyali kuwa dole ya nemi ɗaki, kuma inda ya zaɓa nan ne ƴaƴansa za su tashi.

Abin da baƙo yake fara tambaya shi ne kuɗin wata. Amma kafin ya shiga ɗaki akwai kuɗin ajiya. A ƙasar Kodibuwa, dokar haya ta shekarar 2018 ta hana mai gida ya karɓi fiye da kuɗin wata 2 na gaba da wata 2 na ajiya. A Gana, dokar 1963 ta tsayar da abin a wata 6, amma masu gidaje a Akara sun saba neman kuɗin shekara ɗaya ko biyu a dunƙule. Wanda bai san wannan ba, sai jarin da ya samu daga saida tumakinsa ya ƙare a hannun mai gida. Wannan nauyi ne yake tura talaka zuwa unguwannin bukkoki, inda ba a neman ajiya mai yawa.

To, arhar waɗannan unguwanni tana da dalili: an gina su a kan filin da ba shi da takarda, ko a bakin ruwa, ko a gindin tudu. Ranar da hukuma ta bukaci filin, ba ta shawara da ɗan haya. A 1977 an rushe tsohon Zangon Lome, aka mai da mazauna can arewa da gari, nesa da babbar kasuwa. A watan Yuni na 2015, bayan ambaliyar da ta ci rayuka a Akara, an rushe wani sashe na unguwar Old Fadama. A farkon 2024 hukumomin Abijan sun rushe Boribana da Gesko da wasu unguwanni, suna cewa wuraren suna da haɗarin ambaliya da zaftarewar ƙasa. An yi wannan ana tsakiyar shekarar karatu, yara da yawa suka wayi gari ba gida, ba makaranta.

Saboda haka ya kamata magidanci ya yi lissafi cikakke. Ɗaki mai arha a bayan gari, idan aka haɗa shi da kuɗin gbaka na kowace safiya a Abijan, ko na torotoro a Akara, da kuɗin sayen ruwa bokiti bokiti, yana iya fin ɗaki a gidan haɗaka na Ajame ko Abobo tsada. Ya kamata ya je ya ga unguwar da idonsa, ya tambayi maƙwabta inda ruwa yake kaiwa da damina, ya duba ko akwai famfo da salga a cikin gidan, ya auna nisan likita da makaranta da ƙafar yaro ɗan shekara 6. Tsofaffin zanguna irin su Nima da Sabon Zango a Akara, ko Aboabo a Kumashi, suna da cunkoso, amma suna da masallaci, da makarantar allo, da sarkin zango, da ƴan'uwa masu jin Hausa waɗanda za su taimaki mace ranar haihuwa ko ranar ciwon yaro.

Batun harshe ma yana da nauyi. Yaron da ya fara karatu da Faransanci a Cikal zai ci gaba da shi a Abijan, ko Lome, ko Kwatano, kuma idan ya dawo gida ba zai koma baya ba. A Gana da Najeriya da Ingilishi ake karatu. A Kodibuwa tun 2015 karatu ya zama tilas ga yara daga shekara 6 zuwa 16, amma yaron da ba shi da takardar haihuwa zai sha wuya lokacin jarrabawa.

Takardu kuwa su ne bangon baƙo. Dattawanmu ba su manta da korar baƙi da Gana ta yi a watan Nuwamba na 1969 ba, ko wadda Najeriya ta yi a watan Janairu na 1983. Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ta ba da damar shiga ƙasashen ƙungiyar ba tare da biza ba har kwana 90. Nijar, da Mali, da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairu 2025, kuma a lokacin CEDEAO ta sanar cewa za ta ci gaba da barin ƴan ƙasashen nan uku su yi zirga-zirga har sai an tsai da wata shawara. Wannan sassauci ne da ake iya sake dubawa. Kodibuwa, da Togo, da Benin suna tare da mu cikin ƙungiyar UEMOA mai kuɗin sefa. Gana da Najeriya ba sa ciki.

A nan ne aikin hukumomin gida yake. Ofishin magajin garin Kurfai ta Tsakiya, da masu garuruwa, da malaman yaƙi da jahilci su ne suke ganin matafiya kafin su hau mota. Su tabbata kowane yaro yana da takardar haihuwa, da katin rigakafi, da takardar shaida daga makarantar da ya bari. Waɗanda suka koyi karatu kuma su karanta wa ƴan'uwansu takardar haya kafin a sa hannu, su nemi rasit na kowane kuɗi da aka biya. Shi kuwa magidanci, ya riga iyalinsa tafiya, ya kama ɗaki, ya rubuta sunansa a ofishin jakadancin Nijar, sa'an nan ya aiko a kawo masa yara.